Shekarar da Na Daina Jin Sallama

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya Idi, wai gonar gado ta Kanya Babba ce ta raba ni da yayana har kusan shekara guda. An gaya mini har jikoki sun fara maimaita ta. Ba gona ba ce. Tun da mahaifinmu ya rasu na ce wa Yaya ya ci gaba da nomanta, ni na riga na zama mutumin Babura, kuma ban taɓa waiwayarta ba. Abin da ya shiga tsakaninmu laifina ne. Tun da Allah ya yi wa Yaya rasuwa bara, ba wanda ya rage da ya san yadda aka yi daga farko har ƙarshe sai ni da matata Rabi da 'yata Hafsatu, su kuwa ba za su faɗa ba don kada su kunyata ni. Shi ya sa zan rubuta da hannuna.

Shekara talatin da 'yan kai na yi a gindin injin niƙa a bakin kasuwar Babura. Ranar kasuwa tun hantsi ake jere buhunan gero da dawa a ƙofar shagon, na mutanen gari da na ƙauyuka, har da na 'yan hayin iyaka masu zuwa da sefa a aljihu. Injin baƙin mai ne, irin mai girgiza ƙasa, kuma ni ne a bakinsa, domin ban yarda wani ya daidaita mini dutse ba. In na dawo gida da yamma kunnuwana su yi ta ƙugi kamar an sa mini ƙudan zuma a ciki, in na kwana su washe. A zamaninmu ba wanda ya taɓa ce mana a toshe kunne. Wata rana dai sai ƙugin ya ƙi tafiya. Abin da na fara rasawa shi ne kukan tsuntsaye, ban ma lura ba. Daga nan muryar ƙananan yara. Daga nan maganar duk wanda ba ya fuskantata. Sai na koyi kallon baki, na kuma tanadi kalmomi uku da nake raba wa mutane in magana ta wuce ni: to, haka ne, in sha Allahu. Ku fahimci dalilina, ko da yake ba hujja ba ne. A lokacin ni ne shugaban masu inji na garin, kuma in aka yi rigima a unguwa ni ake kira a zauna sulhu. Na kuma san halin mutanenmu. Makaho ana kama masa sanda ana tausaya masa, kurma kuwa dariya ake yi masa a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido, tun da an san ba zai ji ba. Ban so a kira ni da wannan sunan.

Rabi ce ta fara ganewa, kuma ita ta ɗauke mini nauyin. In an yi sallama sai ta zo ta tsaya inda zan gan ta, ta nuna ƙofa da haɓa. In an kira salla sai in ga buta a gabana. In baƙi mata suka gaishe ni, sai ta maimaita gaisuwar da ƙarfi kamar tana taya su. Sau da yawa ta yi mini magana.

"Malam, ka je a duba kunnen nan."

"Mura ce ta toshe shi, zai buɗe."

"Murar shekara uku, Malam?"

Sai in ɗauki hulata in fita.

A kakar shekarar da nake ba ku labari aka yi suna a gidan Yaya a Kanya Babba. Waɗanda suka san shi sun san yadda yake magana: a hankali, kansa a sunkuye, gemu ya rufe leɓe. Bayan an shafa fatiha ya ja ni gefe, wajen rumbu. Mata na guɗa a cikin gida, yara na ta kai da komo. Ya yi magana mai ɗan tsawo. Kalma biyu kawai na tsinta, Hajo da Talata. Hajo ita ce matarsa, kuma na san ba ta da lafiya, don haka na ɗauka yana gaya mini ne tun ranar Talata jikin ya tsananta. Na ce, "To, Yaya, in sha Allahu." Ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe, na ga kamar an sauke masa wani kaya. Na yi mamaki kaɗan, amma ban tambaya ba. Na shiga na gaishe ta, na hau akori-kurata na dawo Babura.

Abin da ya ce mini, wanda ban sani ba sai bayan wata takwas, shi ne likita a Kazaure ya ba su ranar Talata, Yaya Hajo kuwa ba za ta iya zama a kan babur ko a matse cikin motar haya ba, don haka in zo da motata da safe in kai su. Ranar Talatar ina shago ina canza wa inji bel. Ita kuwa an yi mata wanka, ta yafa mayafinta, an fito da ita zaure tun hantsi. Babban ɗansu Sani ya ce bari ya kira ni a waya, Yaya ya hana, domin shi ba mutum ne mai roƙo sau biyu ba. Suna nan har azahar. Washegari suka yi shatar mota, suka tarar likitan ba ya nan, aka sake ba su wata rana mai nisa. Bayan wata biyu ta rasu. Ban ce rashin zuwana ne ya kashe ta ba, ajali na Allah ne, shi ma Yaya bai taɓa faɗar haka ba. Amma matar nan ina ɗan shekara goma aka kawo ta gidanmu, bayan rasuwar mahaifiyarmu ita ta yi mini wanki da ɗinki har na yi aure. Wannan ne kaɗai abin da aka taɓa nema a wurina dominta.

Na yi kwana uku a zaman makoki. Yaya yana miƙo mini hannu ba ya kallona. Na ce zafin rashi ne.

Bayan arba'in sai ya yanke shawara ya zo ya tambaye ni ido da ido. Ranar Rabi ta tafi Roni wajen ƙanwarta, ni kaɗai ne a gidan. Bayan la'asar na zauna a rumfa ina karatun Alƙur'ani, da ƙarfi, domin a lokacin in ban ɗaga murya ba ba na jin kaina. Yaya ya sauka a babur, ya shigo zaure, ya ji karatu, ya tsaya. Bai katse ni ba. Ya jira har na kai ƙarshen sura na yi shiru. Sai ya yi sallama. Ya saurara, ya sake. Ya saurara, ya yi ta uku, wadda ya ce ya ɗaga murya har maƙwabta za su iya ji. Tsakanina da shi bango ɗaya ne. Ni kuwa na kurɓi ruwa, na gyara murya, na yi bisimilla na kama sura ta gaba. Ya juya ya fita. Maƙwabcina Malam Bukar, mai sayar da hatsi, ya gan shi yana tafiya a ƙasa har bakin titi bai ko tsaya amsa gaisuwa ba. Da magariba a masallaci ya ce mini ya ga yayana ya fito daga gidana ransa a ɓace, ko lafiya? Na ce masa, "Haka ne."

Da ƙaramar salla na je gaisuwa Kanya Babba, aka fito aka ce mini Yaya yana hutawa. Na zauna a waje har rana ta yi tsaka bai fito ba. Na dawo ina huci, na ce wa Rabi ni ma ba yaro ba ne, ba zan ƙara taka ƙofarsa ba. Mutane suka ga an daina zuwa da juna, suka nemi dalili, suka samo gona. Ban ƙaryata ba, domin ni ma ba ni da wani dalilin da zan bayar.

Da farkon damina Hafsatu ta zo ganin gida. Ita ce ta uku a 'ya'yana, ta yi karatun lantarki a Kazaure, tana aure a Kano, tana aiki da masu haɗa wa gidaje sola. Kwana biyu da zuwanta ta ce za ta je ta gaida Baffanta. Na ce ta je, ba da ita ake faɗan ba. Ta dawo kafin magariba. Ina zaune a rumfa na ba ƙofa baya, sai kawai na gan ta ta zagayo gabana ta durƙusa, idanunta jawur. Ta yago takarda daga wani littafi, ta ɗora a kan cinyarta ta yi ta rubutu, ta cika gaba da baya, ta miƙo mini. Duk abin da na gaya muku a sama, na Talata da na sallama uku, a takardar nan na fara saninsa. Na karanta sau biyu. Amma ku dubi halin ɗan Adam, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne:

"Wa ya gaya miki ba na ji?"

Ta karɓi takardar ta rubuta a gefe: Baba, yanzu na tsaya a bayanka na kira ka sau huɗu.

Rabi ta zo ta zauna kusa da ita, ta fuskance ni yadda zan ga bakinta sosai.

"Malam, ni ma ina da laifi. Ina ta rufa maka asiri, ban san zumunci nake taya ka kashewa ba. Daga yau na daina."

Ya kamata washegari da sassafe in kama hanyar Kanya Babba. Ban tafi ba. Sai da na ƙara wata guda, kuma wannan watan ma yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa. Kunya ce ta riƙe ni. Ban san yadda zan tsaya gaban yayana in faɗi kalmar da ko a gaban matata ban taɓa faɗa ba.

Hafsatu ba ta matsa mini ba. Ta kai ni asibiti a Kano. Likita ya ce ƙarar inji ce ta cinye jijiyar, kunnen dama ya tafi ba zai dawo ba, na hagu da saura kaɗan, in ina son sauran ya kai ni in rabu da shago. Aka ba ni ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne. Yana taimako in mutum yana kusa yana kallona, amma ba ya kawo mini murya daga bayan bango, kuma in ya daɗe sai ya sa mini ciwon kai, don haka a gida nakan cire shi. Da muka dawo Babura, sai na ga ta sauko da kwali daga mota. A ciki akwai ƙararrawar ƙofa mai ɗan idon kyamara a samanta, da ƙwayayen fitila huɗu, da wani ƙaramin akwatin intanet da ake sa wa layin waya. Ƙwayayen a ido kamar na kowa, amma ta ce suna sauya launi, kuma ana ba su umarni daga waya. Ta yi mini bayani a hankali, rabi da baki rabi a takarda: in baƙo ya danna maɓallin ƙofa, duk fitilun gidan za su yi kore su yi ta ƙiftawa, in duba waya in ga ko wane ne. Za ta haɗa su da batirin solar da ta riga ta sa mana, don kada su dogara da wutar gari.

Na ce, "Gidana ba banki ba ne. Duk wanda ya ga wannan abin a ƙofa sai ya tambayi dalili."

Ta ce, "Shi ya sa nake so a sa, Baba."

Na yi kwana biyu ba na kula kwalin. A rana ta uku na ɗauko mata tsani da kaina.

Rabi ce ta gano inda aikin zai gaza tun ba a gama shi ba. Tana tsaye tana kallon Hafsatu na ɗaure ƙararrawar a jikin ƙofar zaure, sai ta ce mata wa zai danna wannan a Babura? Mutum ya zo gidan mutane sallama zai yi, ba latse-latse ba. Hafsatu ta sauko daga tsani ta zauna da wayarta, ta daɗe tana taɓe-taɓe. Daga ƙarshe ta haɗa idon kyamarar da fitilun kai tsaye: ko mutum bai danna komai ba, muddin ya tsaya a ƙofa, fitilun su yi shuɗi. Ranar farko kuwa mun ga shuɗi har mun gaji. Akuya ta wuce, shuɗi. Mai tallan fura ta gifta, shuɗi. Iska ta kaɗa reshen dalbejiya, shuɗi. Na fita ƙofa ya fi sau goma ina amsa sallamar da ba wanda ya yi, Rabi na ta dariya tana riƙe ciki. Hafsatu ta rage wa idon faɗi, ta tsayar da shi a kan dokin ƙofa da taku biyu a gabansa, ta kuma sa sai mutum ya ɗan daɗe a tsaye kafin fitila ta amsa. Sai kuma muka gane ƙwan da ta sa a tsakar gida ba shi da amfani da rana, hasken rana yana shanye shi. Ta cire shi ta mayar ƙarƙashin rumfa, daidai inda nake fuskanta in ina karatu, ta sa aka shafa wa bangon farar ƙasa, yadda in ya kama sai bangon duka ya rine. Ɗaya a ɗakina, ɗaya a ɗakin Rabi, ɗaya a lungun da nake alwala. Kafin ta koma Kano ta ƙara wani abu da ban roƙa ba: in lokacin salla ya yi, su yi ruwan ɗorawa. Ranar da na fara tashi na yi alwala da kaina ba tare da an ajiye mini buta ba, na ga Rabi ta bi ni da kallo har na fita.

Mutum na farko da fitilar ta kira ni dominsa da gaske shi ne Malam Bukar. Bango ya yi shuɗi, na duba waya, na gan shi tsaye. Na fita ina murna kamar yaron da aka saya wa keke, na tarar fuskarsa a murtuke. Shekara ashirin da wani abu muna maƙwabtaka, ko musu ba mu taɓa yi ba. Ya nuna kyamarar da sandarsa.

"Malam Habu, iyalina ta nan suke wucewa safe da yamma. Ido ka sa musu? Ko ɓarayi ka ɗauke mu a unguwar nan?"

Wallahi amsar tana kan harshena. In ce saboda ɓarayin awaki ne, 'yata ce ta matsa, ka san yaran zamani. Da ya yarda, da an wuce wurin. Na dubi mutumin nan, na tuna shi ne ya gaya mini ya ga Yaya, na ce masa haka ne.

Na ce, "Malam Bukar, ba na ji. Kurma ne ni."

Na nuna masa wayar, ya ga ba abin da take ɗauka sai dokin ƙofa da mu biyun da ke tsaye. Na ja shi cikin rumfa, na sa shi ya koma ya tsaya a ƙofa, ya dawo na nuna masa bangon da ya rine.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu ke nan."

"Ashe shi ya sa ranar da na gaya maka saniyata ta mutu a wajen haihuwa ka ce mini in sha Allahu!"

Ya fashe da dariya, sai kuma ya yanke ta, ya dafa kafaɗata ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

Ranar bayan sallar la'asar na nemi izinin liman, na miƙe a masallacin unguwa na faɗa wa jama'a. Na ce duk wanda ya taɓa yi mini magana na ba shi amsar da ba ta dace ba, ko ya yi sallama a gidana aka yi masa shiru, ya yafe mini, ba raini ba ne. Ba zan ɓoye muku ba, abin da nake tsoro ya faru. Wata bai cika ba masu inji suka zaɓi wani shugaban, suka aiko mini da goro da godiya. Ba a ƙara kirana zaman sulhu ba, kuma da gaskiyarsu, mai sulhu da kunne yake aiki. Wasu suka riƙa yi mini ihu a fuska kamar suna kiran shanu. Wasu in sun zo sai su yi ta magana da Rabi a kaina ina zaune, kamar ba na wurin. Na miƙa wa ɗana Musa makullin shago, na sa shi ya rantse ba zai tsaya gindin inji ba sai da abin toshe kunne, shi da duk mai aiki a ƙarƙashinsa. Na yi kewar ƙamshin garin gero mai zafi fiye da yadda zan iya faɗa. Amma na lura da wani abu: na daina dawowa gida a gajiye. Ashe ƙaryar jin magana aiki ce mai nauyi, wuni guda ina cikin fargabar a kama ni.

Kwana biyu da yin magana a masallaci na tafi Kanya Babba, ni kaɗai. Na tarar da Yaya a gindin bishiyar ƙofar gidansa yana sa wa fartanya ƙota. Na cire takalmi tun daga nesa, na zo na tsuguna a ƙasa, ban hau tabarma ba. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗa masa komai, tun daga wajen rumbu har zuwa ranar karatu, ban rage ba, ban kuma nemi wa kaina mafita ba. Ya ci gaba da fere ƙotar. Can sai na ga gemunsa ya motsa. Tsohon halin ya taso mini, har na buɗe baki zan ce haka ne. Na haɗiye.

"Yaya, ban ji ba. Ka ɗago kai ka maimaita."

Ya ɗago. Wannan ne karo na farko da ya dubi idona tun ranar suna.

"Na ce, da abin da ka faɗa ke nan ranar nan, da na maimaita."

Ya ajiye wuƙar, ya matso, yana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kada ko ɗaya ta wuce ni.

"Tun hantsi Hajo take zaune da mayafinta. Duk motar da ta ji a titi sai ta ce ga Habu nan. Da azahar ta yi, ita ce ta ce mini kada in yi fushi, wai ƙila motarka ce ta lalace."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka, ina da jikoki, a bakin hanya, mutane na wucewa. Da na samu na iya magana na ce ya yafe mini don Allah. Ya dubi gabas.

"Tashi ka je gida, Habu. Hadari ya haɗo."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na dawo cikin ruwa.

Aka yi mako shida ba labari. Duk sanda bangon rumfa ya yi shuɗi sai in yi sauri in duba waya in ga mai kawo itace ne, ko 'yar aike, ko Malam Bukar wanda ya mayar da danna maɓallin nan abin wasa. Rabi ta ce in koma. Na ce a'a, na faɗi abin da ke bakina, ba zan tsaya masa a wuya ba, haƙƙinsa ne ya riƙe ko ya sake.

Gero ya fara fitar da kai aka yi ɗaurin auren ɗan ƙanwar Rabi a Roni, muka kulle gida muka tafi tun da safe. An ɗaura aure, muna zaune a ƙofar gida ana jiran abinci, sai na ji waya tana rawa a aljihuna. Hafsatu ce ta turo bidiyo da dogon rubutu a ƙasansa. Na manta ban gaya muku ba, in an danna ƙararrawar, ita ma wayarta tana sanar da ita a can Kano, kuma tana iya magana da wanda ke ƙofa. Na buɗe. Yaya ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da lema a hammata. Ya tsaya a dokin ƙofata. Na ga bakinsa ya yi sallama. Ya saurara. Sai ya sunkuyo yana leƙen abin da ke jikin ƙofar har gemunsa ya cika hoton, ya sa babban yatsa ya danna. Ba a jima ba na ga ya yi tsalle da baya, ya dafe ƙirji, lemar ta faɗi. Muryar Hafsatu ce ta fito masa daga bango. Ga abin da suka ce, yadda ta rubuto mini:

"Baffa, sannu da zuwa. Ni ce Hafsatu. Baba da Inna sun tafi Roni ɗaurin aure."

"Ke kuma kina ina?"

"Ina Kano, Baffa."

"Ikon Allah. Kuma kina ganina?"

"Ina ganinka, Baffa. Lemarka ta faɗi."

Ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe ta. Sannan ya matso ya ɗaga kai, ya fuskanci idon kyamarar sosai.

"To ki gaya wa ubanki na zo ban same shi ba. Ki gaya masa na san ba ya nan."

Na miƙe tsaye. Na aika aka kira mini Rabi daga cikin mata, na nuna mata. Ta karanta, ta share ido da gefen mayafi, ta ce in tafi, ita za ta biyo motar haya gobe. Masu gida suka rirriƙe ni wai ga abinci an fito da shi, na ba su haƙuri. Ban taɓa tuƙa motar nan da sauri irin na ranar ba.

Na isa Kanya Babba an idar da la'asar. Yana zaune a kan tabarma a gindin bishiyar nan, bai ko cire farar rigar ba, carbi a hannu. Na fara cire takalmi zan tsuguna a ƙasa, sai ya buga tabarmar da tafin hannu. Na hau na zauna. Ya nuna kunnuwana da yatsa, wannan da wancan, yana tambaya da ido. Na taɓa na hagu. Ya dafa ƙasa ya tashi da ƙyar, domin gwiwa ta riga ta fara damunsa, ya zagayo ya zauna a haguna, kafaɗarsa na gogar tawa. Ya kawo bakinsa daidai kunnena.

"Ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba.

Ya juya wajen zaure, mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba, ya ƙwala wa matar Sani kira ya ce a kawo tuwo, Habu ya zo. Wannan kiran na ji shi da kunnena.